Daga Bakin Shago: Bashi, Zo Nan!

Wancan karon na yi muku alkawarin magana a kan mudu da masu tauye shi, to ku yi mini afuwa, wata magana ta sha gabanta. Maganar kare ce. Na san wani ya riga ya ɓata fuska, yana cewa Malam ya rasa abin rubutawa sai kare. Ku dai yi haƙuri ku karanta, in kun kai ƙarshe sai ku yanke mini hukunci.

A watan Fabrairun bara, wata Laraba, kasuwar Nima ta cika ta batse, sai ga wani mai gonar kaji da nake bi kuɗin masara buhu uku. Wata biyar yana yi mini yau da gobe. Ya iso shagona da kwali a hannu, na ɗauka ƙwai ya kawo na ban haƙuri. Da ya buɗe sai na ga ɗan kwikwiyo jaja-jaja, launin masarar da ya cinye mini, kunnuwa a zube kamar na tunkiya. Ya ce kuɗi dai babu, amma wannan irin karen Turawa ne, in na kai shi unguwar masu hali kamar East Legon zan sayar da shi fiye da kuɗin buhu ukun. Na ce, "Ni, da furfurata, ka biya ni da kare?" Kafin in rufe baki, autana mai shekara 14, da ya biyo ta shago daga makaranta, ya riga ya ciro shi ya rungume. Ya ce, "Baba, don Allah." Rabon da yaron nan ya roƙe ni wani abu da irin wannan murya, na manta.

Haka muka koma gida da shi, na raɗa masa suna Bashi. Har yau in na tsaya a bakin lungu na ɗaga murya na ce "Bashi, zo nan!", akwai mutum biyu ko uku da ke saurin shigewa ɗaki. Ai bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Duk wanda ya zauna a Nima ko Maamobi ya san irin gidajenmu. Namu ɗaki 11 ne, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya, butoci a jere a gindin bango. Hajiya mai gidan tana kiwon kaji. Da ta ga abin da muka shigo da shi sai ta yi salati, ta kira ni gefe ta gindaya mini sharaɗi uku: kada ya sa baki a butar kowa ko kwanonsa, kada ta ji haushi da dare, kada ya taɓa mata kaza. Ta ce, "Malam, ranar da ɗaya ya karye, kai da karenka ku nemi wani gida." Wanda ya san Ankara ya san wannan ba ƙaramar barazana ba ce, garin da masu gida ke neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule. Shekara 19 ke nan ina cikin ɗakunan nan biyu.

Washegari bayan asuba na tsayar da limamin masallacinmu na tambaye shi. Ya yi mini bayani, kuma ga shi a taƙaice don masu irin damuwata. A mazhabar Imamu Malik, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa. Wanke ƙwarya sau 7 in ya yi lallage a ciki bin umarni ne kawai. Shafi'awa kuwa sun tsananta, a wurinsu najasa ce mai kauri, sai an wanke sau 7, ɗaya da ƙasa. Hadisi ya yi gargaɗin cewa ladan mutum yana raguwa kullum in ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba. Tsaron gida kuma malamai sun yi magana a kai. Har ya ba ni labarin Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala ɗin nan da muka karanta a zaure, wanda aka ce ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Sannan ya ce in koma Suratul Ma'ida, aya ta 4, inda aka halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo. Malamai suka ce ana gane mai horo da abu biyu: in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Da yawansu suka ƙara na uku saboda hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wato kada ya ci daga abin da ya kama, ko da yake Malikawa sun sassauta a nan. Liman ya rufe da cewa, "In za ka riƙe shi, ka ba shi aikin yi, kuma ka tsare haƙƙin maƙwabta. Mai bin Shafi'i a gidanku ma yana da haƙƙi."

Da Auta ya bincika a wayarsa sai muka ga ashe karen da ma na farauta ne. Labrado ake ce wa irinsa. Asalinsa karnukan masunta ne a tsibirin Nufanlan na Kanada, suna shiga ruwan sanyi suna jawo igiya da kifin da ya kuɓuce. Aka kai su Ingila a ƙarni na 19, maharba tsuntsaye suka gyara irin, aka yi masa rajista a can a 1903. Ba kamar siraran karnukanmu na farauta ba ne, masu bin zomo da gudu su karya masa wuya. Shi aikinsa ya zauna shiru kusa da maharbi, in tsuntsu ya faɗi a ciyawa ko a ruwa a tura shi, ya ɗauko a bakinsa ba tare da ya tauna ba, ya miƙa a hannu. Na ce ikon Allah, ai sharuɗɗan nan uku ne da Liman ya lissafa.

Wanda ya koya mana horon shi ne wani dattijo a Maamobi da muke kira Baba Maharbi, Bagobiri daga wajen Maraɗi. Ya yi farauta tun yana saurayi, lokacin da ake fita da rani gari guda, da ganga da gora da karnuka, kafin ya zo nan ya yi gadi shekara da shekaru. Da ya ga Bashi sai ya yi dariya, ya ce wannan da ganinsa ɗan gata ne, ko ɓera ba zai kamo ba. Amma duk da haka ya zauna da Auta. Abin da ya sani na daji, da abin da yaron ke gani a waya, da abin da likitan dabbobi ya gaya mana, su muka haɗa.

Lafiya muka fara da ita. Mun kai shi asibitin dabbobi na gwamnati da ke La, aka ba shi maganin tsutsar ciki da alluran 'yan kwikwiyo, da ya cika wata 3 aka yi masa ta haukan kare, wadda ake sabuntawa duk shekara. Wannan kam babu wasa, jama'a. Ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Duk wanda kare ya ciza, ko ya san karen ko bai sani ba, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka. Katin allurar na kai wa Hajiya ta gani da idonta. Likitan kuma ya hana mu zuba masa ragowar miya, don albasa tana lalata jinin kare, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soke hanji. Ga kaska, sai an riƙa duba kunne da tsakanin yatsu. Ga zafi, irinsu na ƙasar sanyi ne, sai inuwa da ruwa a kwanonsa na kansa.

Kwanon nan shi ya warware mana sharaɗin Hajiya na farko. Kafinta ya buga masa ɗan akurki a bayan ɗakinmu, ruwansa ba ya yankewa, in ya nufi buta Auta ya ce "Bari!" ya ja shi zuwa kwanonsa, in ya sha a can ya yaba masa. Akurkin ne kuma ya koya masa tsabta, don kare ba ya son ɓata makwancinsa. Da ya farka, da ya ci, sai a fita da shi wuri ɗaya, a kwashe abin da ya yi. Makon farko ya yi kukan dare, Auta ya shimfiɗa tabarma kusa da akurkin har ya saba.

Kalmomi shida kacal muka koya masa, kuma da Hausa: zauna, tsaya, zo, bari, ɗauko, ba ni. Baba ya ce kowa a gidan da kalma ɗaya zai yi amfani, kuma sau ɗaya ake faɗa. In ka ce "zauna, zauna, zauna", ka koya masa sai a ta uku ake zama. Darasi minti 5 ne, sau biyu ko uku a yini, kafin cin abinci. Ladansa ɗan busasshen kifin nan ƙanana na kasuwa, a ba shi nan take da ya yi daidai, don in ka jinkirta ba zai san abin da aka biya shi a kai ba. Ka ɗaga kifin saman hancinsa ka kai shi baya kaɗan, da kansa zai zauna, sai ka ce "zauna" ka ba shi.

Ɗaukowa kuwa, lungunan Nima da muke kuka da ƙuncinsu su suka yi mana rana. Auta ya cusa tsumma a tsohuwar safa, ya sami lungun da ba ya ɓullewa, ya tsuguna a bakinsa ya jefa. Kare ya ɗauka, ba shi da hanyar wucewa sai ta wurin yaron. Jifa biyu ko uku a tsaya, tun yana marmari. Ba a ja-in-ja da shi a kan safar, don haka ne ke sa kare ya koyi danne haƙori. Ba a bin sa da gudu in ya tsere da ita, sai dai kai ka juya ka gudu, zai biyo ka. Tsakanin wata 4 da 6, lokacin famfarar haƙora, muka rage jifan don bakinsa na ciwo.

Duk wannan Auta ke yi, ni nawa kallo da sayen kifi. Har ranar da abin ya ɓaci.

A watan Yuni ne, da yamma, ruwa ya ɗauke. Wani ya bar ƙofar akurki a buɗe, kazar Hajiya ta gilma da gudu, Bashi ya bi ta. Ina shigowa gida na tarar da ihu. Auta ya ƙwala kira, "Bashi, zo!" Wallahi kare ya saki kazar ya juyo, gashi cike da baki, yana kaɗa wutsiya, ya zo ya zauna a gabanmu. Ni kuwa idona ya rufe, ba abin da nake gani sai kuɗin hayar shekara biyu. Na zari igiyar shanya na zane shi har sai da uwargida ta riƙe hannuna. Kazar fiffike ya karye, aka yanka ta, na biya kuɗi biyu. Hajiya ta ce mu kwashe kayanmu ƙarshen wata. Sai da Liman da uwargida suka yi kwana uku suna kai gwauro suna kai mari kafin ta ce ta yafe, amma wannan ne na ƙarshe.

Daga ranar Bashi ya daina zuwa in an kira shi. Da ya ji "zo" sai ya maƙale a ƙarƙashin benci yana rawar jiki. Auta ya daina yi mini magana sai gaisuwa. Na je na gaya wa Baba Maharbi, ina jiran ya ce na yi daidai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, a kan me ka doke shi?" Na ce a kan kaza. Ya ce, "Kai ka san haka. Shi abin da ya sani, an kira shi, ya bar nama ya zo, aka doke shi. Karen da ya saki abin da ke bakinsa don an kira sunansa, a garinmu da akuya ake musayarsa. Kai kuma ka koya masa zuwa wurinka shi ne laifi."

Da dare ina ba uwargida labari, tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, ai haka kake yi wa Auta."

Ban amsa ba, don gaskiya ce. Kusan shekara guda kafin zuwan karen, yaron ya fara zama a majalisar samari, wadda yaranmu ke kira bes, ana shan ataya har dare ya raba. In na aika a kira shi, ya zo, bulala ke tarbarsa a bakin ƙofa. Da farko yakan zo da an kira. Daga baya sai an aika sau uku. Daga baya sai ya jira na yi barci ya lallaɓo. Ni a lissafina taurin kai ne ke ƙaruwa, sai na ƙara bulala. Haka mahaifina ya yi mini, Allah ya jiƙansa, ban taɓa zama na duba ko abin yana aiki ba. Ni da ba na ci gaba da sayen hajar da ba ta fita.

Gyaran kare ya ɗauki mako 6. Muka sa masa doguwar igiya, muna fita filin Kawukudi bayan asuba kafin 'yan ƙwallo su zo. Baba ya ce ni ne zan riƙa kira, tunda ni na ɓata. In tsuguna, in sassauta murya, in ya zo in ba shi kifi in sake shi ya koma wasa, don kada ya ɗauka kira yana nufin an gama jin daɗi. Dattijo da ni, a tsugune a fili ina lallashin kare, masu zuwa aiki suna kallo. Kaji kuma muka koya masa su da igiya a wuya: a zaunar da shi nesa da su, in ya kalle su ya kau da kai a ba shi lada, gobe a matso kaɗan. Haka muka yi masa da babbar gotar da ta raba Nima da Maamobi, don irinsu in suka ga ruwa hankalinsu gushewa yake, sau ɗaya ya taɓa faɗawa muka sha wanki.

Gyaran uba ya fi daɗewa. Ranar farko da Auta ya shigo a makare na ce masa, "Abincinka na nan a rufe, ci ka kwanta, da safe ma yi magana," tsayawa ya yi yana duban hannuna. Da safen mun yi maganar, kuma ban sassauta ba, na karɓe wayarsa kwana uku. Ban ce a bar yaro ya yi abin da ya ga dama ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da na daina shi ne hukunci a bakin ƙofa. Da ma fitar asuba da kare ta rage masa zaman dare, wanda zai tashi ƙarfe biyar ba ya kai sha biyu a bes.

A nan Gana doka ta hana farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, lokacin da namun daji ke haihuwa, in ban da gyazbi, wanda mutanen nan ke kira akrantie, shi ma sai da lasisi. Bayan an buɗe ma sai ka karɓi lasisi daga sashen kula da namun daji na hukumar gandun daji, bindiga kuma sai da takardar 'yan sanda, sannan wurare irin dajin Shai Hills ba a farauta a cikinsu ko da wane wata ne. Watannin nan huɗu muka yi amfani da su. Auta ya ɗaura gashin zabo a jikin safar, yana ɓoye ta a ciyawa don kare ya koyi nema da hanci. Ya koya masa jira, a jefa yana kallo, ba zai motsa ba sai an ce "ɗauko". Ƙara kuwa, muka fara da buga marfin tukunya daga nesa yana cin abinci, muna matsowa a hankali. Da Disamba ta zo yara suka fara fasa nokawut, ko kunne bai kaɗa ba.

A Janairun bana, cikin hunturu, wani abokin cinikina mai gonar shinkafa a wajen Asutsuare, wanda ke da bindiga da takardunsa, ya ɗauke mu a a-kori-kura, ni da Auta da Baba da Bashi. Harbin farko kare ya manta karatunsa kaf, ya ruga tun ba a tura shi ba, ya tashi tsuntsayen da suka rage. Na ji hannuna yana ƙaiƙayi. Auta ya kira shi, ya zo, yaron ya zaunar da shi ya shafa kansa. Wajen hantsi aka sami fakara a fiffike, ta faɗa cikin ciyawa mai tsawo inda da mu kaɗai ne sai dai mu haƙura. Kare yana zaune jikinsa na ɓari, sai da Auta ya ce "ɗauko". Ya ɓace kamar minti biyu, sai ga shi da ita a baki, da ranta, idonta biyu. Yaron ya ce "ba ni", ya sakar masa a hannu. Baba ya yi bisimilla ya yanka. A nan na gane amfanin bakin nan mai taushi ga Musulmi: tsuntsun da aka same shi da rai sai an yanka, kare mai tauna kuwa kafin ya iso ya gama da shi. Baba ya goge wuƙarsa ya ce, "To, na janye maganata. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

Fakara biyu muka samo ranar. Ɗaya Auta ya kai wa Hajiya da hannunsa. Ta karɓa, ta juya ta, ta ce ba ta kai kazarta ƙiba ba. Har gobe in Bashi zai wuce sai ta janye butarta, kuma tana da gaskiyarta.

Masu tambayata ko su ma su nemi irinsa, ga amsata. Kare ne da ke kai kilo 30, yana ci kamar baƙon da ba ya jin kunya, yana rayuwa shekara 10 zuwa 12, kuma kullum sai an fita da shi. In kai ɗan tireda ne mai kwana a hanyar Kumasi ko Lome, babu mai tsaya masa a gida, ko ba ka da aikin da za ka ba shi, ko maƙwabtanka ba su yarda ba, ka bar shi inda ka gan shi. Ɗaure dabba a rana tana kuka alhaki ne. Ni kaina da na san wahalar, da wataƙila na ce a ba ni ƙwai.

Kuɗin masarata dai har yau ban gan su ba. Amma jiya da magariba na leƙa lungu na hango Auta a cikin abokansa, na kira sunansa sau ɗaya, ya taso.

Sai wani jiƙon, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar mudu. Allah ya ba da kasuwa, ya shirya mana zuriya.